Allon Shagon Babana

Duk wanda ya yi ND 1 ya san yadda muke ɗaukar darasin Turanci na GNS. Kos ne da ake shiga don gudun kariyoba, a zauna a baya ana danna waya har Malama ta tattara takardunta. To, a semistar da ta wuce Malamarmu ta zo da wani aiki da ya tashe mu daga barci. Ta ce kowa ya zaga unguwarsu da wayarsa, ya ɗauko hoton allon shago ko rubutun bango da aka kwafsa Turancinsa, ya tura wa wakilin aji, ranar Alhamis a haska kowa ya gani.

Ranar Alhamis aji ya cika maƙil, har da waɗanda sai ranar tes ake ganin fuskarsu. Aka fara haskawa. Wani ya kawo "No Packing" daga Narayi. Wata ta kawo "Barbing Saloon" daga Sabon Tasha. Wani kuma ya kawo "Food is Reddy" daga bakin garejin Television. Kowanne ya fito sai aji ya ɗauka da dariya, ni ma ina can baya ina ta bugun benci.

Can wajen hoto na goma sai ga wani farin allon katako, an jingine shi a jikin tsohuwar tayar tirela, an rubuta masa da jan fenti: VOLCANIZER. Harafin Z ɗin ya karkace, R na ƙarshe kuma a matse yake saboda wuri ya ƙare wa mai rubutun. A gefe ga injin ba da iska mai shuɗin fenti, ga baho da baƙin ruwa a ciki, ga kuma ƙafar mutum guda ɗaya cikin silifa da aka ɗaure da waya.

Na san silifan nan. Na san injin nan, tun ina ƙarami nake ja masa igiya. Karkataccen Z ɗin nan kuwa babu wanda ya kai ni saninsa, domin ni na rubuta shi da hannuna ina aji shida na firamare. Shagon facin Babana ne, a Kakuri, ba nisa da Kasuwar Monday.

Wanda ya kawo hoton ya miƙe ya ce, "Jama'a, wannan in ka kai masa taya, dutse mai aman wuta zai ɗura maka a ciki." Aji ya sake rushewa. Ni kuma wallahi na yi dariya. Ba 'yar ƙarama ba ma, na fi na kusa da ni ɗaga murya, don kada wani ya kalli fuskata ya gane. Ina dariyar ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane. Babana ba da faci ya fara ba, ma'aikacin masaƙa ne. Waɗanda suka tashi a wannan ƙetaren kogin sun san abin da Kakuri take a da. Tun 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wasu suka biyo baya, sannan a 1975 aka fara harhaɗa Fijo a kamfanin PAN. Manya suna ba da labarin yadda titi ke cika da kekuna idan an tashi daga aiki. Baba yana ɗaya daga cikin masu kekunan nan. Ina goye aka rufe masaƙar da yake aiki, kamar yadda aka rufe yawancinsu a shekarun nan. Ya yi 'yan watanni yana jiran a sake buɗewa, da ya ga shiru sai ya je wajen wani tsohon mai faci ya zauna ya koya, yana da 'ya'ya uku a lokacin. Ya sayar da kekensa ya cika kuɗin injin iska.

Shekaru da yawa shagon ba shi da allo, taya kawai ake jinginewa a bakin titi, kowa ya san ma'anarta. Ranar da na zo na ɗaya a aji, Baba ya sayo ƙaramin gwangwanin fenti ya ce, "Tunda ka zama Bature, zo ka rubuta mana sunan sana'armu." Na rubuta yadda nake jin direbobi na faɗa. Mako guda duk wanda ya kawo taya sai Baba ya nuna masa allon ya ce ɗana ne ya rubuta. Duk bayan damina biyu sai ya bi sawun haruffan da sabon fenti, bai taɓa sauya ko ɗaya ba, har karkacewar Z ɗin.

Ni kuwa da na shigo makarantar nan, idan aka tambaye ni aikin Babana sai in ce yana harkar tayoyi. Ba ƙarya na yi ba, amma na san hoton da nake so su gani a ransu: babban shago a kan titin Ahmadu Bello, sababbin tayoyi a jere. Alhali kuɗin rijistata, da kuɗin allon zane, da wayar da nake dannawa a bayan aji, duk daga cikin bahon baƙin ruwan nan suka fito, naira 200, naira 500, har suka taru.

Da dariya ta lafa, Malama ta ce, "Kun gama? To ba na ba da maki a kan dariya." Ta ce kowa zai ɗauki hoto ɗaya, ba nasa ba, ya dawo bayan mako biyu da abu uku: yadda ake rubuta kalmar daidai, duk ma'anonin da take da su, da inda ta samo asali. Ta fara rabawa. Kafin ta iso kan allon Baba na ɗaga hannu na ce a ba ni shi. Ba jarumta ba ce. Tsoro nake kada wani ya ɗauka ya koma shagon yin tambaya, Baba ya ce masa ai ɗana ma a makarantarku yake.

Na shiga laburare na ɗauko babban ƙamus. Rubutun daidai shi ne vulcanizer, da u ba da o ba. Idan ka ga an rubuta vulcaniser da s, shi ma daidai ne, salon Ingila ke nan. Matsalar dai tana kan harafi na biyu.

Ma'anar ce ta ba ni mamaki. Ni a zatona kalmar tana nufin mai faci, shi ke nan. Ashe a ƙamus ma'anarta ta farko ita ce ma'aikacin da ke gasa ɗanyar roba da farar wuta don ta yi ƙarfi. Ta biyu ita ce na'urar da ake gasa robar a cikinta. Mai gyaran taya a bakin titi ma'ana ce ta uku da mu muka ba ta, kuma idan ka je Landan ka ce kana neman vulcanizer da wuya a gane abin da kake nufi. Amma ba mu kaɗai ba ne. A Gana haka suke cewa. A Filifin shagon faci sunansa vulcanizing shop, a Meziko kuma vulcanizadora. Kenan a waɗannan ƙasashen ma, sunan ya bi sana'ar.

Daga nan na bi sawun gasa robar kanta. Roba daga ƙaron itace take fitowa, irin wanda ake tatsa a gonakin Edo da Delta. Ɗanyarta ba ta da amana: idan rana ta buɗe sai ta narke ta yi danƙo da wari, idan sanyi ya shigo ta sandare ta tsattsage. A farkon ƙarni na 19 an yi ta yin takalma da rigunan ruwa da ita a Amurka, bazara na zuwa kaya su narke a hannun masu shi. Wani mutum mai suna Charles Goodyear ya ɗora wa kansa neman maganin wannan. Ya tsiyace a kai, har kurkuku ya sha shiga saboda bashi. A 1839 ya gano cewa idan aka cuɗa roba da farar wuta aka ba ta zafi, sai ta daina narkewa, ta daina sandarewa, ta riƙa miƙewa tana komawa yadda take. A 1844 ya samu takardar mallakar fasahar a Amurka. A daidai wannan lokaci wani Bature a Ingila, Thomas Hancock, shi ma ya yi wa irin wannan hanya rijista a can. Goodyear ya mutu a 1860 da bashi a wuyansa. Kamfanin taya da ke ɗauke da sunansa sai a 1898 aka kafa shi, shekara 38 bayan mutuwarsa, kuma ba iyalinsa suka kafa ba.

Sunan kuwa wani abokin Hancock ne, William Brockedon, ya ba da shi. Ya aro shi daga Vulcan, gunkin da Rumawan da suke danganta wa wuta da ƙira. Tunda aikin na wuta ne da farar wuta, sai aka ce da shi vulcanization.

A nan ne na ajiye biro na yi shiru. Domin kalmar volcano, wato dutse mai aman wuta, wadda aka yi mana dariya da ita, daga wannan sunan ta fito. Akwai wani ƙaramin tsibiri a arewacin Sisili a Italiya mai suna Vulcano, dutsensa na fitar da hayaƙi da warin farar wuta, Rumawa suna cewa maƙerar gunkin nasu ce ke ƙarƙashinsa. Daga nan sunan ya bazu ga duk wani dutse irinsa, har da Dutsen Kamaru da ke maƙwabtaka da mu, da tsofaffin duwatsun Kerang da Panyam a Filato waɗanda suka daɗe da mutuwa. Su kansu Rumawan suna rubuta sunan iri biyu, Vulcanus da Volcanus. Turanci ma har gobe bai gama tsayawa wuri ɗaya ba, ilimin nazarin irin waɗannan duwatsu ana rubuta shi volcanology, ana kuma rubuta shi vulcanology, duka an yarda. Kenan yaron nan ɗan aji shida ya yi kuskure, ba musu, amma bai fita daga gidan ba. Ƙofar wa ya bari ya buga ta ƙane.

Na kuma gane dalilin da ya sa wasu allunan facin garin nan suke da o. Kunne ne ke rubutu. Sautin u na cikin kalmar irin na bus ne da cup. Bahaushe yakan mayar da shi a, shi ya sa muke cewa bas. Mutanen kudu da masu Burokin sukan mayar da shi o, su ce bos, su ce kop. A Kakuri kuwa inda direban Inugu da na Katsina da na Kafanchan suke haɗuwa a inuwa ɗaya, "bolkanaiza" ko "folkanaiza" kunnena ya tashi yana ji. Ga kuma volcano da muka haddace a darasin Social Studies tana zaune a ka, tana jiran a kira ta.

Ranar Asabar na tafi shago kamar yadda na saba. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yawwa ɗan boko, kama min wannan." Tiyub ne na Keke Napep, ƙusa ta yi masa yaga mai faɗi. Na sha ganin wannan aiki sau ba adadi, amma ranar ce na fara kallonsa da gaske.

Ya ba shi iska, ya tsoma a baho yana juyawa har kumfa ta nuna wurin. Ya soka tsinken ashana don kada ya ɓace. Ya goge, ya kankare wurin da guntun zarto har ya yi kaushi, ya shafa sholisho ya bari ya sha iska. Sannan ya yanko wata baƙar roba mai laushi da danƙo daga naɗin da yake ɓoyewa a inuwa, ya ɗora, ya rufe da takarda, ya matse a ƙarƙashin tsohon fistan na mota da ya mayar da shi abin dannawa. Ya zuba kalanzir a ramin fistan ɗin ya kyasta ashana. Shi yana kiran wannan facin wuta.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka barin robar nan a rana?"

Ya ce, "Ɗanya ce. In ta sha rana ta lalace kafin a yi aiki da ita. Wuta ce ke dafa ta, in ta dahu ta zama jiki ɗaya da tiyub ɗin."

Na ce, "Yaya kake gane ta dahu?"

Ya tsoma yatsa a baho ya ɗiga ruwa a kan ƙarfen, ya saurari ƙarar. Ya ce, "In wutar ta yi kaɗan, mutum bai kai gadar Sitadiyom ba facin zai ɗago. In ta yi yawa ka ƙone wa mutum tiyub, ka biya."

A masana'anta ana yin wannan da ma'aunin zafi, wajen digiri 140 zuwa 160. Baba da ɗigon ruwa da kunne yake yi. Wato abin da ƙamus ya sa a ma'ana ta farko, da abin da ya sa a ta biyu, da ta ukun da muka ƙara, duk ga su a gabana a ƙarƙashin rumfar kwano: ga mai gasa robar, ga na'urar, ga mai facin.

Na yi masa bayanin abin da na karanto. Na ce roba a cikinta wasu dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani, kowanne yana zamewa a kan ɗan'uwansa, shi ya sa take narkewa. Farar wutar da ke cikin ɗanyar robar, idan ta ji zafi, sai ta riƙa ɗaure wannan zare da wancan a gicciye. Ya tsaya da aikin ya dube ni. Ya ce, "Zaren tsaye da na kwance ke nan. Ashe saƙa ce." Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ka ga ashe ban bar aikina ba."

Da na gaya masa asalin sunan daga gunkin Rumawa ne, sai ya ɗaure fuska ya ce shi dai mai faci ne, Rumawa su riƙe kayansu. Sannan na daure na faɗa masa sauran: cewa rubutun allon ba daidai ba ne, an haska shi a aji, an yi dariya, kuma ni ma na yi. Na zaci zai yi faɗa. Ya ci gaba da kwance fistan ɗinsa, can ya ce, "Shekara goma allon nan yana nan, kullum taya ake kawo min, ba wanda ya taɓa kawo min dutse." Ya ƙara da cewa, "Amma tunda ka gano, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara." Maganar dariyata bai ce komai a kai ba, kuma wannan shirun ya fi min zafi a kan ya zage ni.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ina nufin rubutu daidai ba shi da amfani. Yana da shi, musamman gare mu. Direba zai gane allon Baba ko da o ko da u, saboda ga taya a jingine. Takardar neman gurbin IT ba ta da taya a gefenta. Mu da ke nan Barnawa muna zana gidaje muna lissafin kayan gini, na ga zanen da aka rubuta wa "sight plan" a madadin "site plan", na ga "two story building" a inda malami ke jiran "storey", na ga wanda ya rubuta wa shugaban kamfani "The Principle Partner". Mai duba takarda 100 a rana ba zai tsaya binciken asalin kalma ba, gefe zai tura ta. Mai shago da bai wuce firamare ba yana da uzuri. Mu da iyayenmu ke biyan kuɗi don mu koya, ga ƙamus a laburare, ga shi a cikin waya, namu uzurin ƙarami ne. Abin da nake cewa shi ne, a cikin mu sittin da muka yi dariya ranar nan, ban da Malama, ba na jin akwai mutum uku da za su iya faɗin abin da kalmar take nufi. Harafi ɗaya muka sani, shi muka hau kai muka yi ta rawa.

Ranar gabatarwa na fito na karanta abin da na rubuta: Goodyear, Hancock, farar wuta, tsibirin Vulcano. Aji ya yi tsit, wasu na sauraro wasu na danna waya. Na kai ƙarshen takardar, na san in na zauna a nan zan samu makina lafiya lau. Gwiwata na rawa na ce, "Abu na ƙarshe. Shagon nan na Babana ne, kuma ni na rubuta allon." Ba a yi tafi ba, ba a yi dariya ba. Wata a gaba ta ce, "Ayya." Malama ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Na gode. Na gaba." Bayan an tashi wanda ya ɗauko hoton ya same ni a bakin ƙofa yana ta ba da haƙuri. Na ce ya bari, ai na fi shi ƙarfin dariyar. Daga baya mutum biyu suka same ni a keɓe, ɗaya ya ce uwarsa ƙosai take soyawa a Unguwar Boro, ɗaya ya ce babansa gadi yake yi a Makera. Shekara guda muna zama benci ɗaya ban sani ba.

A hutun da ya wuce na sayi sabon katako da fenti da kuɗin da na samu wajen taya wani zane. Na auna da rula, na ja layi, na rubuta VULCANIZER, a ƙasa na ƙara MAI FACI da manyan baƙi. Na ɗauki tsohon allon zan kai bayan shago, Baba ya ce in ajiye masa kayansa. Yanzu yana rataye a cikin rumfa, sama da inda yake ajiye ɗanyar roba.

Abokin nawa mai hoto ya zo da mashin ɗinsa wata Asabar, tayar baya ta sace. Na gabatar da shi, na ce wa Baba shi ne wanda ya haska mu a aji. Yaron ya durƙusa yana ta sunkuyar da kai. Baba ya gama facin, ya karɓi kuɗinsa cif, sannan ya ce, "Ɗana, an ce ƙafata kawai ka ɗauka, da tsinkakken silifa. Fito da wayar ka ɗauka da kyau." Ya gyara hularsa, ya ja ni kusa da shi, muka tsaya a gefen sabon allon.